Wa Ya Ce Baƙo Ne? Ƙorafina A Kan Wani Tsuntsun Bakin Teku



Rubutun wannan makon da ɗan zafi ya zo, don haka duk wanda ya ji an taka masa ƙafa ya yi haƙuri, ya mayar mini da martani a ƙasa, zan karanta.

Kwanakin baya na nuna wa wani yayanmu a harkar rubutu 'yar maƙalar da na yi a kan wani ƙaramin tsuntsu da na gani a bakin teku, lokacin da na je gaida kawuna a zangon Sekondi, ƙasar Gana. Bai wuce layi biyar ba ya miƙo mini wayata. Ya ce, "Ƙanena, ina Bahaushe ina teku? Wannan ai tsuntsun Turawa ne, sanyi ke koro shi, ya zo ya sha rana ya koma gidansu. Ko suna ba shi da shi a Hausa. Ka rubuta mana abin da ya shafe mu." Na yi shiru saboda girmansa. Amma maganar ta tsaya mini a rai, domin ba shi kaɗai ke da wannan tunanin ba, kuma na tabbata da yawa daga cikinku da kuna wurin kai za ku gyaɗa masa.

Bari in fara nuna muku tsuntsun, don kada mu yi gardama a kan abin da ba ku gani ba.

Girmansa bai kai na kurciya ba. Daga tsinin baki zuwa wutsiya santimita 18 zuwa 20 ne, nauyinsa kuwa a yawancin shekara kamar na ƙwan kaza guda, wajen giram 50. A watannin da yake yi a gaɓar Afirka cikinsa fari ne fat, bayansa ruwan toka mai haske, da ɗan tabo baƙi a kafaɗa kamar wanda ya jingina da tukunya. Bakinsa baƙi ne, miƙaƙƙe, bai cika tsawo ba, ƙafafunsa ma baƙaƙe. In ya tashi sama sai ka ga farin layi ya ratsa tsawon fiffikensa. Akwai kuma wata alama da sai wanda ya sunkuya ya dubi sawunsa a kan jiƙaƙƙen yashi zai sani: yatsu uku gare shi, duk suna duban gaba. Ɗan yatsan nan na baya da kaza ke da shi, da 'yan uwansa na jini ke da shi, shi ba shi da shi. Masana suna kiransa Calidris alba, kalmar ta biyu ma'anarta fari, mutanen Ingila kuma suna ce masa sandalin.

Amma ba da launi ake gane shi ba tun daga nesa, da gudu ake gane shi. Igiyar ruwa ta taso ta fashe a kan yashi, ta shimfiɗu, ta fara ja da baya. Sai ka ga su goma ko ashirin sun bi ta a guje, ƙafafun ba ka ko iya ganinsu don sauri, jikin kuwa bai ko girgiza, kamar an ɗora auduga a kan tayar keke. Suna gudu suna caccaka baki cikin yashin da ruwa ya saki yanzu-yanzu. Kafin ka ƙifta ido wata igiyar ta taso, sai duk su juya lokaci guda su sheƙa sama, ruwan na bin dugadugansu, bai taɓa kama su ba. Ya ja baya, su bi shi. Haka tun safe. Na tsaya fiye da awa guda ina kallo, har ɗan kawuna ya gaji ya tafi ya bar ni, ban ga ko ɗaya ruwa ya kayar ba.

Dalilin wannan tsere shi ne abinci. Ƙananan halittun da ke cikin yashin gaɓa suna matsowa sama ne a daidai lokacin da ruwa ya wanke wurin, da ya tsane kuma su nutse. Ɗan wannan tsakanin, daƙiƙa kaɗan, shi ne kasuwar tsuntsun. A gaɓar Holan tsutsar yashi yake zarowa. A yammacin Gana kuwa yawanci wasu 'yan mitsi-mitsin halittu masu ɓawo biyu yake samu, ya haɗiye su da ɓawonsu, ƙundunsa ya niƙe. Teku na cika ya janye sau biyu a yini, to in ya cika ya rufe wurin kiwo, sai su taru can sama a busasshen yashi, kowa ya tsaya da ƙafa ɗaya ya soke baki a baya yana gyangyaɗi. In ka matso, wasu ba sa ko damuwa su sauke ɗaya ƙafar, sai su yi ta tsalle da guda, har ka rantse guragu ne.

To, yanzu mu koma ga maganar yayanmu. Wai tsuntsun Turawa ne.

Ko a haihuwa ma maganar ba ta tsaya da ƙafarta ba. Wannan tsuntsu ba ya ƙyanƙyasa a Ingila, ba ya yi a Faransa ko Jamus. A can ma wucewa yake yi, ko ya yi hunturu a gaɓarsu kamar yadda yake yi a tamu. Inda yake yin ƙwai can ne ƙuryar arewacin duniya, inda bishiya ba ta tsiro: arewacin Girinlan, tsibiran arewacin Kanada, da gaɓar Saiberiya. Yawancin waɗanda ke sauka a yammacin Afirka ta hanyar Atlantika daga Girinlan da makwabtanta suke. Suna isa can ƙarshen watan Mayu ko farkon Yuni, daidai lokacin da ƙanƙara ta fara narkewa, rana kuma ba ta faɗuwa dare da yini. A lokacin sun sake riga, kai da ƙirji sun koma ja-ja mai ɗige-ɗige, kalar tsatsa, yadda in ya kwanta cikin tsakuwa ba za ka gan shi ba. Macen ta ɗan tona ƙasa, ta shimfiɗa busassun ganye, ta saka ƙwai huɗu. A kwanta a kansu sati uku da 'yan kwanaki zuwa wata guda. Wani lokaci ma sheƙa biyu take yi, ta bar wa namijin ɗaya ya kwanta, ita ta ji da ɗayar. 'Ya'yan suna fitowa suna tafiya da ƙafarsu, suna tsintar ƙwari da kansu, cikin kwana 17 ko makamancin haka sun fara tashi. Kafin ƙarshen Yuli ko cikin Agusta iyayen sun kama hanyar kudu. 'Ya'yan sai daga baya su biyo, ba uwa ba uba a gaba, su ƙetare teku su kaɗai.

Ku yi lissafi da yatsunku. Wata biyu ke nan, in ya yi yawa biyu da rabi. A gaɓar Gana kuwa tun Agusta da Satumba ake ganin sun fara sauka, ba su tashi ba sai Afrilu ko Mayu. Wata takwas zuwa tara. Sauran kwanakin suna kan hanya. Akwai ma abin da ya fi wannan: da yawa daga cikin 'yan shekarar farko da suka sauka a yammacin Afirka ba sa komawa arewa a bazararsu ta farko, zama suke yi a nan har shekara ta zagayo. Wato tsuntsu ya yi wata biyu a inda aka haife shi, ya zo ya yi kusan shekara biyu a jere a yashin Gana, mu kuma mu dube shi mu ce baƙo. Hausawa suka ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Wace irin raɓa ce ke kaiwa wata tara ba ta bushe ba?

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba wauta ba ce. Za a ce gidan mutum shi ne inda aka binne cibiyarsa, ɗan ci-rani ko ya shekara goma a Legas ɗan ƙauyensu ne. Shamuwa tamu ce domin a kan tsamiyar garinmu take sheƙa. To na ji. Amma ku bi shamuwar in damina ta wuce ku ga inda take zuwa. Kudu take yi, gabashi da kudancin Afirka, ta ci farar gonakinsu rabin shekara, sannan ta dawo ta yi mana bushara da ruwa. Da mutanen can za su ce ba tasu ba ce, su bar ta ta hallaka a hannunsu, wace shamuwa ce za ta sauka a kan tsamiyarmu bana? Tsuntsu mai ƙaura amana ne a hannun duk wanda ya sauka a ƙasarsa, kuma wanda ya fi daɗewa da shi a hannu shi ya fi kowa alhaki. A kan wannan tsuntsun, mu ne.

Kuma ba ya sauka duk inda ya ga dama. Masu bincike suna saka musu zobba masu launi a ƙafa, kowane tsuntsu da jerin launinsa, yadda mai madubin hangen nesa zai gane shi ba tare da ya kama shi ba. Da wannan aka gano cewa tsuntsu ɗaya yakan koma gaɓa ɗaya shekara bayan shekara, kuma akwai waɗanda suka haura shekara 10 a raye suna wannan zirga-zirga. A 2009 an ɗauki hoton wani mai zobe a Norwe cikin watan Agusta, kwana biyar bayan nan aka gan shi a Gana. Kilomita kusan 6,000. Daga Kano zuwa Legas a mota wajen kilomita 1,000 ne, kun san yadda mutum ke sauka daga wannan tafiyar. Wannan abin da bai wuce tafin hannu ba ya yi irinta sau shida cikin kwana biyar. Kafin ya tashi yakan ci har nauyinsa ya kusa ninkawa, ya kai giram 100, kitsen nan shi ne man tafiyarsa.

Gaɓar da ya nufa sananniya ce ga masana: Esiama, a ƙasar Nzema, yammacin Gana, wani zirin yashi mai tsawon kilomita 13 tsakanin bakin kogin Ankobra da na Amanzule, inda dubbansu ke taruwa. Kuma ga abin da nake so yayanmu ya ji da kyau. Wadda ta fi kowa daɗewa tana ƙidayar tsuntsayen gaɓar Gana ba Baturiya ba ce. Farfesa Yaa Ntiamoa-Baidu ce ta Jami'ar Gana, tun shekarun 1980 take wannan aiki, kuma irin wannan ƙidayar na cikin abin da ya sa a 1992 aka saka dausayoyin gaɓar Gana biyar, ciki har da Keta da Songor da Sakumo, a jerin wuraren da yarjejeniyar Ramsar ke karewa. Ita ba ta tsaya tana tambayar ko tsuntsun na Turawa ne ba.

A 2020 ita da wani masani ɗan Holan, Jeroen Reneerkens, da abokan aikinsu suka fitar da sakamakon bin diddigin tsuntsaye masu zobe a wurare daban-daban, daga gaɓar Turai har Namibiya. Abin da suka samu ya saɓa wa tunanin "ya zo shan rana". Waɗanda ke zama a Muritaniya da Gana sun fi mutuwa a shekara fiye da na Turai mai sanyi, sun kuma fi mutuwa fiye da na Namibiya, duk da cewa na Namibiya tafiyarsu ta haura kilomita 10,000. Na yammacin Afirka kuma sun fi makara a hanyar komawa arewa. Masu binciken sun fi karkata ga cewa abinci ne ke yi musu ƙaranci a daidai lokacin da suke buƙatar tara kitsen tafiya. Ashe ba hutu yake yi a wurinmu ba, da ƙyar yake haɗa guzuri.

Ba zan yi muku ƙarya in ce ya kusa ƙarewa a duniya ba. Yana cikin tsuntsayen gaɓa da suka fi kowa yaɗuwa: Amurka ta Arewa da ta Kudu, Turai, Afirka, Asiya, Ostareliya, kusan duk inda akwai yashi da igiya. Masu lissafin halittun da ke cikin haɗari ba su saka shi a sahun gaba ba. Sai dai akwai wani dogon-baki ɗan uwansa na nesa da ake gani a gaɓar Bahar Rum a dā, wanda ganinsa na ƙarshe da aka tabbatar a Maroko ne a 1995, a 2024 masana suka ce ya ƙare. Shi ma akwai zamanin da ba wanda ya damu da ƙirga shi.

Abin da ke ba ni tsoro gaɓar ce kanta. Tsuntsun nan ba ya kiwo a kan dutse, ba ya yi a kan siminti. Yashi mai gangara a hankali yake buƙata, inda igiya za ta shimfiɗu ta koma. Wanda ya san Bar Beach ta Legas a dā ya je ya neme ta yanzu: an cike wurin an dasa sabon birni, an jera katangar duwatsu ta tare teku. A gabashin Gana, tun da aka gina madatsar Akosombo a 1965 yashin da kogin Volta ke kawowa gaɓa ya ragu, teku ya yi ta cin Keta har sai da aka jibge duwatsu, ya kuma cinye ƙauyen Fuveme. A wasu gaɓoɓin tifa ce ke shiga da dare ta kwashi yashi a kai wa masu buga bulo. Ban ce kada a kare gari daga teku ba, mutanen Keta gidajensu ne ke rushewa, kuma ran mutum ya fi na tsuntsu. Amma katangar dutse da aka yi don ceton gari daban, yashin da ake sata a sayar daban. Kuma duk inda yashi ya tafi, tsuntsun da ya taso daga Girinlan ya nufi wurin da ya sani zai iso ya tarar da dutse.

Sai batun "ina Bahaushe ina teku". Wannan ita ce ta fi ba ni haushi, domin da ita aka share miliyoyin mutane da hannu ɗaya. Hausawan Nima da Sabon Zango a Akara fa? Na Sekondi da Takoradi? Na Lome da Kwatano da Duwala? Na Agege da Idi-Araba da Obalende? Na Fot Sudan a bakin Bahar Maliya? Akwai gidajen da sama da shekara 100 suna jin ƙarar teku daga ɗakin kwanansu, da Hausa suke mafarki. Mai tsire yana gaɓar, mai shayi yana gaɓar, mai hayar doki yana gaɓar, tsuntsun nan yana gudu a tsakanin kofatan dokinsa. In marubucin Kano ko Zinder bai taɓa ganin teku ba, wannan iyakarsa ce shi, kada ya mayar da ita iyakar harshen. Ko shi ɗin ma bai tsira ba, domin wani ɗan uwan tsuntsun nan na jini ɗaya, wanda ya fi shi tsawon ƙafa, yana sauka dubbai a fadamun Haɗeja da Nguru duk rani yana tsintar ragowar shinkafa. Daga arewar duniya shi ma yake zuwa.

Da na ce haka sai a koma ga mafaka ta ƙarshe: ba shi da suna. To wa zai raɗa masa? Shin sunayen da muke da su daga sama suka faɗo? Wani ne ya tsaya ya dubi tsuntsu har ya gane shi, ya ce wannan zalɓe ne, wancan balbela, wancan jinjimi, wancan kirinjijiya, wancan zakaran ƙeƙuwa, wancan carki. Manomi da makiyayi da masunci, waɗanda ba su taɓa riƙe alƙalami ba, suka bar mana wannan dukiya. Mu masu alƙalamin me muka ƙara? Ku ɗauko littattafanmu goma na kan layi ku buɗe shafin farko. Gari ya waye, iska na kaɗawa, tsuntsaye na ta rera waƙoƙi masu daɗi. Waɗanne tsuntsaye? Marubucin bai sani ba, bai kuma ji kunyar rashin sanin ba. Zai gaya maka sunan motar Alhaji da shekarar da aka ƙera ta, da sunan turaren Hajiya, da kuɗin leshinta, amma abin da ke kuka a kan darbejiyar ƙofar gidansu tun yana yaro "tsuntsu" ne kawai. Wanda bai iya bambance kurciya da hasbiya a rubutunsa ba, ba mamaki ya ce tsuntsun gaɓa bai shafe shi ba.

Kuma rashin sunan yana da farashi. Abin da ba shi da suna a bakin mutane, ranar da ya daina zuwa ba wanda zai iya cewa ya daina. Dattijon zango zai dai ji gaɓar ta yi masa wani iri, ya rasa me ya ɓace, jikansa kuwa ba zai ma san an yi ba.

Ni dai na raɗa masa tsere-da-teku, a kan tsarin da Hausa ta saba, irin su faɗi-ka-mutu da ƙi-gudu da tuma-ƙasa, inda aikin abu ke zama sunansa. Ban ce dole a karɓa ba. Mai yiwuwa ma masuntan Fante ko Nzema ko Ewe suna da nasu sunan da Hausawan zango suka riga suka ara, in haka ne nasu ya fi nawa, a kawo shi mu yi amfani da shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a bar gurbin fanko, sannan a mayar da fankon hujja.

'Yan uwanmu na wannan zaure da ke Akara da Takoradi da Lome da Legas, daga Satumba za ku same su. Ku je da sassafe lokacin da ruwa ya fara janyewa, kafin masu wanka su cika wurin. Kada ku matsa da yawa, duk tashin da kuka sa su yi daga guzurinsu ake cirewa. In sun gusa gaba, ku je inda suka bari ku sunkuya ku ƙirga yatsun da ke kan yashin kafin igiya ta goge, sannan ku tambayi masunci mafi tsufa da kuka gani yana gyaran taru me suke ce masa.